Zanen da Ya Kai Gaɓa

Ranar jajibirin tafiya, ba a ganin daɓen falon Kaushalya Devi a Indore saboda zannuwan sari. Jajaye ne duka, sababbi fil daga kanti, kuma matar ɗanta Tarini ce durƙushe tana ƙulla bakin wannan da bakin wancan. Bara, lokacin da zazzaɓin taifot ya kwantar da ɗan nata Devendra har likitoci suka fara magana ƙasa-ƙasa, mahaifiyarsa ta yi bakance cewa in ya tashi za ta yafa wa Uwa Narmada, kogin da suke bauta wa, mayafi daga wannan gaɓa zuwa waccan, a garin Maheshwar. Ya kuwa tashi, lokacin cikawa ya yi.

Maheshwar garin Tarini ne. Mahaifinta Bhairulal masaƙi ne a wani lungu da ke gindin ganuwa. A jami'a Devendra ya gan ta, ya kafe a kan sai ita. Uwarsa ta yi kuka, ta yi yajin cin abinci, daga baya ta amince bisa sharaɗi guda: kada wani a dangi ya ji cewa ɗan attajiran hatsi ya auro 'yar masaƙa. Aka shaida wa kowa cewa marainiya ce, wani kawunta ne ya riƙe ta a Bhopal. Shekara ta uku ke nan Tarini ba ta taka ƙofar gidansu ba.

"Bahu, ɗago ki dube ni," in ji Kaushalya, da sunan da ake kiran matar ɗa. "Gobe Shanta za ta bi mu, kin kuwa san bakin ƙanwar maigidana marigayi. Ba ki san kowa a Maheshwar ba. Kin ji ni?"

Tarini ta kira ta da sunan girmamawar da ake kiran uwa. "Mataji, ko gaisuwa ce daga nesa—"

"Ko ɗaga gira! In kika kira wani Baba a gaban baƙuwata, to ki yi zamanki a wurinsa. Motata ba za ta dawo da ke ba."

Devendra da ke tsaye bakin ƙofa ya ce, "Haba Mataji, wannan kuma ai—"

"Kai rufe mini baki! Saboda wa nake zuba wa kogi wannan kaya?"

Ya yi shiru kamar kullum. Wannan shirun nasa ya fi zafin harshen uwarsa ciwo a zuciyar Tarini.

Da suka shiga ɗaki ya kama hannunta. "Sori, Taru. Ki ƙara haƙuri kaɗan."

"Shekara uku ina ƙarawa," ta ce a hankali. "Lokacin da kake kwance ban gaji ba, yanzu ma ban gaji ba. Amma Babana yana raye, ni kuwa kullum ina amsa ta'aziyyarsa."

Bayan ya fita, ta buɗe akwati ta zaro wani ƙunshi daga can ƙasa. Zanen aurenta ne, wanda mahaifinta ya saƙa da hannunsa, ja mai bakin zinariya. Ba ta taɓa ɗaura shi ba, don Kaushalya ta ce warin masaƙa yake yi. Ta cusa shi cikin jakar hannunta. In ta sami sarari, za ta nuna wa tsohon ko gefensa ne, ya san ba ta yar da shi ba.

Da hantsi suka isa Maheshwar. Mota ba ta sauka bakin ruwa, dole suka bi lungu da ƙafa, 'yan dako na gaba ɗauke da naɗin mayafin. Ƙarar masaƙai na fitowa daga kowace taga. Ga mahaifin Tarini nan zaune a dokin ƙofa yana kaɗa zare, ya rame, gashinsa ya yi fari fat. Ya ɗago kai, zaren ya suɓuce daga hannunsa.

"Wannan tsoho lafiya yake kallonmu kamar ya ga fatalwa?" in ji Gwaggo Shanta.

"Mutanen lungu ne, ba su saba ganin baƙi ba," in ji Kaushalya, ta ƙara sauri.

Tarini ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Ta cikin yadin ta ga mahaifinta ya haɗa tafukansa ya sunkuya, irin gaisuwar da ake yi wa baƙin da ba a sani ba. Ya san sharaɗin, ya kuma riƙe shi domin aurenta. Ba ta iya ko taɓa jakar ba. Hawaye ya bi wuyanta har suka fita ta babbar ƙofar ganuwa.

Suka shiga ɗakin bautar Shiva, suka zuba madara da furanni, ƙararrawa na kaɗawa. Tarini ta motsa leɓɓanta tare da kowa, amma ba ta san abin da ta roƙa ba. Daga nan suka gangara matakalan dutse zuwa ruwa. Damina ba ta daɗe da ɗaukewa ba, kogin ya cika ya batse, ya haɗiye matakala da yawa. Aka ɗaure bakin mayafin a wani ginshiƙi, jama'a suka taru suna waƙa. Su huɗu suka shiga kwalekwalen gaba tare da Pandit mai jagorar ibada, wasu kwalekwalen suka biyo baya suna tallafe da yadin don kada ya nutse.

Naɗin yana warwarewa yana ƙanƙancewa. Kaushalya ta ƙiyasta tsawonsa ne da abin da wata ƙawarta ta yi amfani da shi da bazara, lokacin da ruwa ya ja baya. Ana ganin ciyawar ɗaya gaɓar sarai, mayafin ya miƙe ya tsaya cak, bakinsa na ƙarshe a hannun Pandit.

"Ja mana!" in ji Kaushalya ga mai fito.

"In na ƙara ja ƙulli zai kwance a tsakiya, Uwar gida."

"To a koma a sayo wani!"

Pandit ya girgiza kai. "Ba a juyawa da mayafin Uwa, kuma sa'ar da aka zaɓa ta kusa fita. Sai dai a ƙara a nan. Amma fa sabon zane, wanda bai taɓa jikin mutum ba."

Kowa ya dubi jikinsa. Fuskar Kaushalya ta koma kamar toka. Ta kama hannun ɗanta ta ƙanƙame. "Ran yaron nan na roƙa. In ban cika ba, za ta karɓe shi! Wayyo, za ta karɓe mini shi!"

"Kin ga abin da nake faɗa, Yaya," in ji Shanta. "Komai naki sai an yi shi rabi da rabi."

Tarini ta ɗora hannu a kan jakarta. Zanen auren kaɗai ne abin da ta fito da shi daga gidan ubanta. In ta fitar, kogi zai tafi da shi, Shanta kuma za ta yi tambaya, wataƙila aurenta ma ya bi ruwan. Ta dubi surukarta, ba ta ga mai falon Indore ba, sai wata tsohuwa da tsoro ya cinye. Ta dubi mijinta, ta tuna yadda ta riƙa jiƙa masa leɓe da auduga.

"Ga wannan, Panditji. Ba a taɓa ɗaura shi ba."

Da kanta ta ƙulla shi. Mai fito ya tura, zanen ya warware bisa ruwa yana sheƙi, ya kai gaɓa har da saura. Ihun jama'a ya taso daga can gindin ganuwa. Pandit ya kammala addu'o'insa, aka saki mayafin, kogi ya naɗe shi ya tafi. Tarini ta bi bakin zinariyar da ido har ya ɓace.

A hanyar komawa Shanta ta gyara zama. "Wannan ba kayan kanti ba ne, saƙar hannu ce, ta garin nan kuma. Marainiyar Bhopal, ina kika samo shi?"

Tarini ta sunkuyar da kai. Ta yi alkawari, ba za ta karya ba.

"Mahaifinta ne ya saƙa mata, Gwaggo," in ji Devendra. Muryarsa ta fito da ƙarfin da shi kansa bai zata ba. "Sunansa Bhairulal. Shi ne tsohon da muka wuce ɗazu. Yana raye, ni ne na yi shekara uku kamar matacce. Mataji, in motarki ba za ta ɗauke ta ba, ni ma ki bar ni a nan."

Sai Shanta ta tuntsire da dariya har kwalekwalen ya girgiza.

"Yaya, wa kike ɓoye wa? Tun ranar biki muka sani! Wace marainiya ce kawunta ba ya zuwa ko sau ɗaya? Ba asalin yarinyar ake gulma a Indore ba, ke ake gulma, da kika kashe mutum da baki yana numfashi."

Kwalekwalen ya kai gaɓa suka sauka. Kaushalya ta hau matakalan tana haki, ta ƙi a riƙe ta. Tarini na biye, ba ta san ko mota za a nufa ko kuwa a nan za a bar ta ba. A bakin lungu tsohuwar ta tsaya jim, sannan ta karkata ta shiga.

Bhairulal ya miƙe, ya sake haɗa tafukansa. Kaushalya ta daɗe tana dubansa. Ita ce matar da ba ta taɓa shan ruwa a gidan wanda take ganin bai kai ta asali ba, ko tafiya za ta yi da tulunta take tafiya.

"Suruki," ta ce, "matakalan garinku sun gajiyar da ni. Ba ni ruwa in sha."

Ya ɗebo a kofin tagulla. Ta karɓa ta shanye a gaban Shanta da maƙwabtan da suka leƙo, sannan ta juya.

"Bahu, me kike jira? Ba ki iya gaida mahaifinki ba ne?"

"Baba!" Tarini ta zube ta kama ƙafafunsa tana kuka. Devendra ma ya durƙusa ya taɓa su, yana neman gafara.

Da tsohon ya ji inda zanen ya tafi, sai ya share ido ya yi murmushi. "To ai ya sami mai ɗaurawa. Ke kuma zan ɗora miki wani a masaƙa."

"Ka ɗora biyu, ɗaya nawa ne," in ji Kaushalya, ba ta dubi kowa ba.

Haka Tarini ta koma Indore da aurenta da kuma ubanta. Ya kamata 'yan mata su lura cewa ba da tsiwa ta sami wannan ba, da haƙuri ne da kyauta a lokacin da take da dalilin hanawa. Maza su sani cewa son da ba ya iya buɗe baki ya kare mace bai cika ba. Iyaye kuma su kiyaye, domin sunan gida ba ya tsaruwa da ƙarya. Abin da Kaushalya ta raina ta tura ƙasan akwati, shi ne ya rufa mata asiri a tsakiyar kogi.