Gyaɗata Ce!

A unguwar Jambutu, cikin Garwa, akwai wata yarinya mai taurin kai. Kai, yarinyar nan! In ta ce a'a, sai dai ka gaji ka ƙyale ta.

Da hutun lekol, wato makaranta, ta je Lagdo wurin kakarta. Kaka ta ba ta ɗan gefen gona, ta shuka gyaɗa da hannunta. Da za ta dawo gida, ta ɓare gyaɗar ta zuba a 'yar jakar atamfa.

"Wannan iri ne," ta gaya wa kowa. "In damina ta zo, a bayan ɗakinmu zan shuka. Kada wanda ya taɓa!"

Ana nan sai zafi ya shigo, mangwaro ya cika gari. Ƙudaje suka cika tsakar gida. A ɗakin ajiya kuma ga asu, 'yan ƙwarin nan masu fiffike ruwan toka, suna ta yawo a kan buhuna. Inna, uwar yarinyar, ta buɗe garin masara ta ga tsutsa a ciki.

"Yau kam sai mun raba gari da ƙwarin nan," in ji Inna. "A fito da komai rana!"

Aka shanya shinkafa da wake da masara. Inna ta tankaɗe gari. Lukmanu, wan yarinyar, ya kwashe ɓawon mangwaro, ya rufe kwandon shara, ƙudaje suka rasa wurin sauka.

"Ke, kawo gyaɗarki a shanya," in ji Inna.

"A'a! Gyaɗata ce!"

"Na san taki ce. Zan zuba miki a kwalba mai murfi."

"Wallahi ban yarda ba. In ta haɗu da ta gida, a miya za ta ƙare."

Lukmanu ya ƙyalƙyale da dariya. "Ai kuwa da mun sha miya mai daɗi!"

Wannan magana ta ƙara tunzura ta. Ta faki idon Inna, ta cusa jakar can bayan wata tsohuwar randa a ɗakin ajiya. Ta fito tana karkaɗe hannu, ranta fes.

Ba a daɗe ba asu suka dawo, har sun fi na da. Inna ta sake shanya, ta sake tankaɗe. Garin da ya lalace ta zuba wa kaji, ranta a ɓace.

"Oh ni! Daga ina suke fitowa?" in ji Inna, tana dafe da bayanta.

Yarinya ta yi kamar ba ta ji ba. A ranta ta ce, ai tawa a ɗaure take.

A lekol, malamarsu Madam Anne ta yi darasi a kan ƙwarin hatsi. Yarinya ta ɗaga hannu.

"Madam, in an ɗaure jaka tam, ai ba za su shiga ba ko?"

"Jakar mene ne?"

"Ta atamfa."

"Ayya, 'yata. Ƙyalle ba ya hana su. Suna yin ƙwai a ciki, tsutsa ta cinye abin da ke ciki, ta yi fiffike ta bi sauran buhuna."

Nan take yarinya ta tuna da jakarta. Ana tashi ta sheƙo gida a guje, ta zura hannu bayan randa. Tana kwance jakar, asu suka tashi fir! Gyaɗa duk ta haɗe da yana, ga tsutsa, ga gari-gari a ƙasa. Sai ta fashe da kuka.

Inna ta leƙo, ta ga komai.

"Ashe ke ce kika ba su masauki?"

"Inna, ki yi haƙuri. Ni na ja miki wahala."

"Na haƙura. Amma kin ga abin da ƙin jin magana ya jawo."

Lukmanu ya miƙo hannu. "Kawo in zuba wa kaji."

Yarinya ta rungume jakar. "Ba zan bayar ba!"

"Ga ta nan kuma," in ji Lukmanu.

"Ƙwari ba za su cinye min duka ba. Inna, ara mini faifai."

Inna ta yi murmushi ta miƙa mata. Yarinya ta zauna a inuwar dogon-yaro tana tsinta ɗaya bayan ɗaya. Mai huda ta jefa wa kaji, mai kyau ta ajiye. Wuyanta ya ƙage, amma ta ƙi tashi. A ƙarshe ta samu cikin tafi guda na lafiyayyu.

Ta shanya su sosai. Inna ta nuna mata yadda ake haɗawa da toka da busasshen ganyen dogon-yaro, a zuba a kwalba, a murɗe murfi. Ita da kanta ta share bayan randa, ta wanke jakar da ruwan zafi. Daga nan asu suka ɗauke ƙafa daga gidan.

Da ruwan farko ya sauka, ta shuka 'yar gyaɗarta a bayan ɗaki. Ranar da ganye ya leƙo, ihun murnarta har maƙwabta.

"Inna, ta fito! Ta fito!"

"To madalla," in ji Inna. "Me kika koya?"

"Abinci yana son rana da tsabta da murfi. Kuma in kin ce in kawo abu, zan kawo, ko da nawa ne."