Gwangwanayen Gonar Malam Sodangi

A shekarar 1989, lokacin mulkin soja, Sadiyatu ta kai rediyon gwaggonta gyara wani ɗan shago a Ƙofar Atiku, cikin birnin Sakkwato. Mai shagon saurayi ne, Yari, kuma a bayansa akwai tsohuwar kwamfuta da ya saya a gwanjo. Da ta shigo sai ya danna wani ɗan akwati a hannunsa, fanka ta kunna kanta a can kusurwa, babu waya tsakaninsu.

Sadiyatu ta ja da baya. "Malam, da aljannu kake aiki?"

"Su wa za su yarda su zauna cikin zahin nan? Akwatin ya yi wa kwamfuta magana ta iska, ita kuma ta gaya wa fanka."

Rediyon ya gyaru a rana ɗaya, amma sai da ta dawo sau huɗu tana cewa yana shaƙewa.

Gidan gwaggon, inda Sadiyatu ke zaune, yana bayan shagon. Yari ya haɗa mata akwati daga tsohuwar kalkuleta da kayan motar wasa, duk abin da ta danna sai ya fito a gilashin kwamfutarsa. Saƙonta na farko shi ne: "Injiniyana, ka ci abinci, ko wayoyi ka ci?" Ya yini bai goge shi ba.

Mahaifinta, Malam Sodangi, manomin shinkafa ne a Wamakko. Akwai wani mai sayar da taki, Maigandi, da ya daɗe yana son Sadiyatu. Shi ya kai wa Malam Sodangi labari cewa Yari ya kafa eriya, yana aika saƙonni a ɓoye, kuma soja na dab da zuwa kansa.

Hankalin Malam Sodangi ya tashi. Ya san a wannan zamani da rediyo ake sauya gwamnati. Ya aika wa 'yarsa cewa ta fita harkar yaron, washegari da hantsi kuma ya zo shagon da kansa.

"Kai ne Yari? Ɗiya guda gare ni. Ba ni ba da ita ga wanda za a jefa bayan mota a tahi da shi. Da wa kake magana da wannan ƙarhe?"

Yari ya durƙusa. Kafin ya buɗe baki kwamfutar ta yi ƙara, haruffa suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Tsohon ya matso, yana bin su da yatsa, yana haɗawa da karatunsa na yaƙi da jahilci.

"Injiniyana, Baba ya hana. Ina son ka, amma ba zan saɓa masa ba. Anjima zan aiko maka da akwatinka."

Malam Sodangi ya zaga teburin. Ya leƙa bayan kwamfutar, ya shafa bango, bai ga wayar da ta fita waje ba.

"Ikon Allah. Ita ce ta rubuta, yanzu-yanzu?"

"Ita ce, Baba. Ban da ita babu mai yi mini magana da shi."

Malam Sodangi ya goge ido da bakin rawani. "To, ji nan. A gidanmu duk mai neman ɗiya sai ya yi tsaron shinkafa kwana bakwai. In jan-baki suka cinye gonar, ka manta da ita."

Jan-baki ƙananan tsuntsaye ne da ke sauka dubbai, su share gona kafin azahar. Masu tsaro kan ɗaura gwangwanaye a igiya su yini suna ja. Yari ya ɗaura igiyar a jikin injin goge gilashin mota, ya haɗa da batir da akwatin karɓar saƙo, ya ajiye kwamfutar a zauren tsohon. Duk minti biyar sai gwangwanaye su kaɗa, babu kowa a gonar. Mutanen gari suka cika bakin fadama suna salati.

A rana ta uku tsuntsayen suka gane. Suka riƙa tashi kafin ƙarar, su sauka bayanta. Gefen gonar ya tafi.

Yari ya shiga gonar da kansa, yana gudu cikin laka yana ihu har muryarsa ta dushe. Da la'asar tsohon ya same shi a kan kunya, ƙafafu duk sun tsage.

"Ɗana, na'urarka ta cika alkawari da yawa. Mai tsaro ba ya ja a kan lokaci. Sai sun sauka sun saki jiki, sannan ka girgiza su, wani lokaci sau biyu a jere."

Yari ya gyara umarnin kwamfutar yadda babu mai sanin lokacin ƙarar, ya kuma miƙa wa tsohon akwatin dannawa. Da safe Malam Sodangi ya tsaya a ƙofar zaurensa, ya yi bismilla ya danna. Can nesa gwangwanaye suka amsa, tsuntsaye suka tashi kamar hayaƙi har suka rufe rana.

Ya dubi yatsansa, ya dubi fadama. "Tsarki ya tabbata ga wanda ya sanar da ɗan Adam wannan. Yari, ka turo magabatanka."

Bayan girbi aka ɗaura aure a Wamakko, aka ci tuwon shinkafar gonar. Da za a tafi da amarya, Malam Sodangi ya riƙe hannun ango ya ƙi saki.

"Ka bar taɓa waya da jiƙaƙƙen hannu, ka ji? Allah shi ba ku zaman lahiya, shi ba ku ɗiya masu albarka."

Sadiyatu ta ce amin daga cikin mayafi, tana dariya tana hawaye.