Tsohon Maharbi da Kwikwiyon da Ya Saba da Jifa

A wani zamani da ya shuɗe, akwai wani tsohon maharbi a bayan gari. Abokansa duk sun rasu, 'ya'yansa sun yi nisa. Ran nan ya tsinci kwikwiyo a bakin kasuwa, ya ce zai koya masa ɗauko abin da ya harbo.

Ya ɗaga hannu ya jefa goruba, kwikwiyo ya ruga ya ɓuya. Washegari ya ɗaga hannu, kwikwiyo ya ruga. Tsoho ya fusata ya daka masa tsawa. Kwikwiyo ya shige gonar dawa, bai dawo ba. Tsoho ya ci tuwonsa shi kaɗai.

Da gari ya waye, wata mai tallar nono ta tarar da shi yana ta kiran kwikwiyon. Ya gaya mata abin da ya faru. Ta ce, "Haba Baba! A garin nan in an ɗaga wa kare hannu, ai dutse ne ke biyowa."

Tsoho ya zauna a bakin gonar, ya mirgina goruba a ƙasa, ya jira. Sai da la'asar kwikwiyo ya fito yana raɓe-raɓe, ya ɗauko ta, ya ajiye a gabansa.

Tsoho ya ce a hankali, "Madalla. Zo mu tafi gida."