Hon a Kwalbatin Kuka

A jakata littafin ya zo daga Kwatano, inda na yi shekaru ina wankin motoci. Labarin wata mota ce da aljani ya shiga, tana bin mutane tana takewa. Kafin in gama huce gajiya ya zaga gidanmu, har bangonsa ya yage.

Ƙanwata Zulai ta karanta rabi, ta daina bi ta bayan gidanmu, inda motar marigayi yayanmu Tanimu take lulluɓe da tamfol. Nafi'u ɗan kawuna, bakanike, dariya ya yi ta yi.

"Wannan ai birki ne ya shanye," in ji shi. "A kawo mini ita gareji, aljanin zai sauka da ƙafarsa."

Yaya Barira ce ta karanta a ƙarshe. 'Yar gwaggona ce, abokiyar wasana. Bayan isha'i muna zaune a tsakar gida, ta ajiye mini shi a kan tabarma.

"Karɓi kayanka, Bature. Wanda ya rubuta wannan bai taɓa rasa kowa a mota ba." Ta dube ni. "An ce gobe za ka tada motar Tanimu ka koma."

"Zaman me zan yi, Yaya? Mai motar ma da ransa bai so in dawo ba."

Haka ne kuwa. Duk sanda na kira shi na ce ina kewar gida, amsarsa ɗaya ce: kada ka dawo. Da wannan na zo a ƙirjina. Ko kabarinsa ban je ba.

Yaya Barira ta rage hasken fitila. Zulai ta matso.

"Kun san kwalbatin kuka, a hanyar kasuwar Laraba. Babu direban da ke wuce shi bai danna hon ba. Sallama ce. Masu wurin su ji, su janye 'ya'yansu daga titi.

"Ran nan ina gidan gaba, mun taso daga kasuwa, magariba ta kawo jiki. Wayar hon ta tsinke tun safe. Tanimu ya danna, shiru. Muka wuce. Tayar baya ta ɗan yi tsalle, kamar an taka ƙullin tsumma. Ya tsaya, ya duba. Babu komai. Ko jini.

"Laraba ta zagayo. Mu biyu ne a motar. Wata mata ta tsayar da mu a daidai kukar. Ta ɗaura zanen goyo tamau, amma babu ɗa a ciki. Yayyafi aka yi, ƙasa a jiƙe. Na leƙa. Ba ta bar sawu ba.

"Ta shiga baya. Motar ta lotsa kamar an loda buhunan masara.

"Ta ce, 'Direba, ba ka yi sallama ba.' A madubi bakinta a rufe yake.

"Ya ce, 'Baiwar Allah, hon ne ya lalace.'

"Ta ce, 'Auta ne. Shi na fi so. Kai wa ka fi so?'

"Bai amsa ba. Amma ka san yadda suna ke zuwa a zuciya ko ba a furta ba. Sai muka ji ta ce, 'Sagiru.'"

Sunana ke nan. Nafi'u ya daina wasa da makullin da ke hannunsa.

"Ta ce, 'Yana nesa. Zan jira shi a nan.' Muka iso gari, na buɗe ƙofar baya. Babu kowa. Amma motar ba ta tashi daga lotsawar ba.

"Tun daga ranar motar ba ta da lafiya. In ka yi waya, sitiyari ya riƙa juyawa shi kaɗai. An yi rubutu an yayyafa, an yi sadaka. Ya sayar da ita, gari ya waye tana ƙofar gida."

"Me ya hana ya gaya mini?"

"Ya san halinka. Da ka ji, a daren za ka hau mota."

Ta gyara zama. Sauro na kuka a kunnena, na kasa ɗaga hannu.

"Da ka matsa cewa lallai bana a gida za ka yi Sallah, sai ya yi wanka, ya sa farar rigarsa. Ya ce mini, 'Barira, ni na taka, ba yaron nan ba.' Ya fita shi kaɗai. Masu zuwa gona suka same shi a kwalbatin. Motar ko ƙwarzane babu. Yana zaune, tafin hannunsa a kan hon. Da aka jawo ta gida, bayanta ya miƙe."

Zulai tana kuka a cikin mayafinta. Ni kuwa na tuna yadda muryarsa take rawa in ya ce kada ka dawo. Na ɗauka fushi ne.

"Ranar da ka sauka," in ji Yaya Barira, "kana sallama a zaure, ba ka ji komai ba?"

Na ji. Hon ne, gajere, a hankali. Na zaci mai babur ne a waje.

Nafi'u ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Motar nan ba batir a cikinta. Ni na cire da hannuna."

"Amsa maka ya yi," in ji ta.

Na tashi na zaga baya. Na ɗaga tamfol, na dafa ƙofar direba. Ƙarfen da ɗumi, kamar yanzu wani ya cire hannunsa. Na ce, "Yaya, na dawo."

Yaya Barira ta biyo ni da fitila, ta tsaya daga nesa.

"Da safe in kai ka kabarinsa. Ta kwalbatin ake bi. Kada ka taɓa bin wurin kai kaɗai, Sagiru. Kuma ko a ƙafa kake, ka yi sallama."