Hannun da Ya Ƙi Buɗewa

Madubi na je karɓa ran nan, ba wani abu ba. Mai yankan gilashi ya ce in zo da la'asar, amma kun san alkawarin mai sana'a, sai da rana ta kusa faɗuwa ya miƙo mini shi a naɗe cikin tsohuwar jarida. Na matse shi a hammatar dama na kama hanya. Babu mai babur ɗin da ya yarda ya ɗauki mai hannu ɗaya da madubi, don haka na taka da ƙafa.

Hannuna na hagu an yanke shi daga ƙasan gwiwa. Mota ce ta ƙwace wa direba ta hau gefen titi, ina tafe riƙe da 'yata. Ni na farka a asibiti, ita kuwa kafin in farka an kai ta makwancinta. Ita kaɗai Allah ya ba mu. A gida Me-ya-sa muke kiranta, don bakinta ba ya hutawa. Me ya sa yatsu ke yamutsewa in an daɗe a ruwa? Me ya sa mutum ba ya iya yi wa kansa cakulkuli? Akwai mutane a wasu duniyoyin, kuma su ma suna shaƙuwa? Ni malamin kimiyya ne, a aji da gadara nake ba da amsa, amma a gida kullum sai yarinyar nan ta kai ni inda zan ce ba a sani ba tukuna. Uwarta takan yi dariya ta ce Allah ya haɗa ni da daidai ni.

Tun bayan hatsarin, da zarar magariba ta kawo kai, hannun nan da babu shi sai ya dunƙule. Ina jin farce na nutsewa cikin tafi, ciwon na hawa har wuya. Likitar gashin ƙashi ta ce ba hauka ba ne. Ƙwaƙwalwa tana da taswirar jiki, hannu ya tafi amma taswirar ba ta goge ba. Umarnin ƙarshe da ta ba shi shi ne ya riƙe, kuma har yau tana jiran amsa. Maganin, in ji ta, madubi ne: in tsayar da shi tsakanin hannuwana, in ɓoye dungun a bayansa, in kalli hoton hannun dama kamar shi ne na hagu, sannan in buɗe a hankali. Ta ce ƙwaƙwalwa ido take bi, in yaudare ta kawai.

Abin da ban faɗa wa likita ba, ban faɗa wa kowa ba, shi ne a cikin dunƙulen nan ina jin hannun 'yata. Ƙarami, da ɗumi, da ɗan guminsa. Ciwon na cina, amma shi kaɗai ya rage mini daga gare ta, shi ya sa na yi ta ja da baya wajen sayen madubin. Sai da matata ta same ni ina cizon matashi, ta ce ɗaya ta riga ta rasa, ba za ta zauna tana kallo ina narkewa ba.

Na yanke ta bayan tsohuwar masana'antar da aka rufe. Doguwar katanga ce a gefe guda, a ɗaya gefen babban titin da manyan motoci ke bi. Ba kowa. Warin ƙonanniyar taya da na kwata. Kwaɗi na ta kuka a cikin lambatu, jaridar na ƙaras-ƙaras a hammatata.

Nan ciwon ya kama ni, fiye da kullum.

Akwai rumfar jiran mota a bakin titin, mai bencin siminti da ginshiƙan ƙarfe. Na zauna. Na ce bari in gwada yanzu, kafin in isa gida in sake samun dalilin fasawa. Na yage jaridar da haƙori, na tsayar da madubin tsakanin gwiwoyina, na ɓoye dungun a baya. Akwai sauran ɗan haske ja a sama.

Sai ga ni da hannu biyu. Hawaye ya zo mini, ban san na yi kewar ganinsa haka ba.

Na dunƙule na dama kamar yadda aka koya mini. Na madubin ma ya dunƙule. Amma a tsakanin yatsunsa akwai wasu yatsu, ƙanana.

Na kalli hannuna na gaske. Babu komai a ciki. Na sake kallon madubin. Suna nan, har ɗan yatsan tsakiya na motsi.

Kwaɗin suka yi shiru gaba ɗaya. Ƙamshin man da uwarta ke shafa mata a kai ya cika rumfar.

"Baba."

Daga bayan madubin muryar ta fito, ƙasa-ƙasa. Muryarta ce, har da iskar da ke fita ta giɓinta.

"Baba, akwai su. Mutanen wata duniyar. Na gan su."

Na san duk abin da ya kamata mutum ya karanta a irin wannan wuri, amma ko harafi ɗaya bai zo mini ba. Gaskiya ma ban neme shi ba. Murna nake yi.

"Zo ka gani. Ba nisa. Tsallaken titi ne kawai."

Aka ja ni. A hankali da farko, irin jan da take yi mini in ta hango abin wasa a shago. Na miƙe. Madubin ya zame ya jingina da bencin. Na yi taku, na sake yin wani.

Daga nesa na ji gurnanin babbar mota.

Sai wani abu ya faɗo mini a rai. Tun da ta fara magana ba ta yi mini tambaya ko ɗaya ba. 'Yata, ta ga dungu a inda hannu yake, ta yi shiru?

Na ce cikin raɗa, "Ba ki da abin da za ki tambaye ni?"



Ɗumin ya ɗauke. Hannun ya yi sanyi ƙalau, ya matse. Na kai hannun dama na cafki ginshiƙin rumfar. Jan ya ƙaru har kafaɗata ta yi ƙara, takalmina na gurzar tsakuwa.

Fitilun motar suka ɓullo daga kwana. Haskensu ya faɗa kan madubin, na gani. Babu ginshiƙi a ciki. Hannuna ne a dunƙule, da yatsun nan sun yi tsawo sun naɗe shi har wuyan hannu, gaɓoɓinsu sun fi na ɗan Adam yawa.

"Kada ka sake ni, Baba. Ran nan ma ka sake ni."

Ƙarya ne. Ban sake ta ba, shi ya sa hannun ya tafi. Na san ba ita ba ce. Duk da haka, wallahi, ba na son in buɗe.

Hanya ɗaya ce. Na hagu ba zai buɗe ba sai na dama ya buɗe, na dama kuwa shi kaɗai ke riƙe da ni.

Ƙahon motar ya cika kunnena.

Na kafa wa madubin ido. Na ambaci sunan Allah. Na buɗe.

Na ji yatsuna na hagu sun miƙe ɗaya bayan ɗaya, iska ta ratsa tafin. Wani abu ya zame ya fita. Na faɗi ta baya, motar ta wuce ta gabana, iskarta ta watsa mini tsakuwa a fuska ta kifar da madubin ya tarwatse.

Kwaɗin suka ci gaba da kuka.

Tun daga ranar ciwon bai dawo ba. Likita har kiran abokan aikinta ta yi su zo su ga mai saurin warkewa, 'yan uwa suka yi ta zuwa barka. Maƙwabcinmu da na ɗan gutsura masa labarin ya ce aljanu kan ari muryar mamaci. Ni dai ba ni da shaidar da zan nuna, an riƙe ni ne a inda babu fata. Hanyar masana'anta kuwa na daina binta ko da rana tsaka.

Abin da ba wanda ya yi mini jaje a kansa shi ne, yanzu babu komai a ƙarshen dungun. Da magariba nakan zauna a ƙofar ɗaki in rufe ido in yi ta ƙoƙarin dunƙule hannun, ko zan ji ɗumin nan. Ba ya zuwa. A haka matata ta same ni wata rana, ta tambaya ko ciwon ne. Na ce a'a, na warke sarai, sai kuka ya ƙwace mini. Na gaya mata komai, tun daga abin da nake ji a tafin nan kullum.

Sannan ta zagayo ta zauna ta haguna, tana kallon wurin da hannun ya kamata ya kasance.

"Ashe duk lokacin nan tana nan, ba ka gaya mini ba," in ji ta. "Da ko sau ɗaya ne na ɗora nawa hannun a kai."

Ta miƙa tafinta ta riƙe iskar wurin, muka zauna a haka har duhu ya rufe mu.