Rakiya Ta Kai Baba Kanta Jastis

Ku 'yan matan yanzu, bakinku ba ya rufuwa a dandali, amma a cuce ku a gida sai ku shige ɗaki kuna kuka! Ku zauna ku ji.

Shekarar da aka hana aikin tilas, a wani ƙauye bakin tafkin Madarunfa, akwai marainiya Rakiya a hannun ƙanen ubanta Kanta, wanda shi ke tara wa Nasara mutanen aikin hanya. An yi mata baiko da Illo, aka ce biki sai kaka, in hatsinsa ya cika rumbu. In bai cika ba, babu aure.

Ruwa na sauka Kanta ya kira Illo zaure.

"Nasara na son hannu. Gobe ka zo da hauyarka."

Ba hanya aka kai shi ba, gonar gyaɗar Kanta ce a Gabi. Ciyawa ta shaƙe hatsin Illo. Rakiya ta tare shi ranar kasuwa, idonta jawur.

"Gonarka ta zama daji! Ka manta da ni ne?"

"Wallahi ban manta ba. Amma Kanta surukina ne, Rakiya. In ɗaga ido in ce masa a'a?"

"To ni ba surukina ba ne!"

A gida ta durƙusa. "Baba, ka saki Illo ya yi noma."

"Ke wa ya sa da ke? Tashi ki ba ni wuri!"

Inde matar Kanta ta riƙe mata zane tana kuka. "Ɗiyata, kar ki tona asirin gidan da ya rene ki!"

Da safe Rakiya ta bi mata masu kai kifi Maraɗi, ta tsaya ƙofar jastis, gidan shari'ar Nasara, har aka gaji da korar ta, aka saurari ƙararta. Tafinta ya yi dariya.

"Yarinya, ubanki kike ƙara?"

"Ku kuka yi shela an hana aikin tilas. Ƙarya kuka yi, ko dokar a Maraɗi ta tsaya ba ta san hanyar Madarunfa ba?"

Dariya ta ɗauke. Alƙali ya aika gardi, ɗan sandan Nasara, zuwa Gabi, ya iske Illo da wasu samari duƙe cikin gyaɗa, ba lada, ba abinci.

Dangi suka daina amsa gaisuwar Rakiya. Ta haƙura, ba ta zagi kowa ba, ba ta kuma janye ba. Da kaka hatsin Illo ya cika rumbu, aka ɗaura aure.

Haƙuri daban, shiru ga zalunci daban. Gidan shari'a kuma ba ya jin kukan da aka yi a ɗaki, sai an taka an je.

Kanta kuwa, an tuɓe shi daga aikinsa. Aka sa shi ya yi wa samarin nan maimai, wato noma na biyu, da hannunsa, gona bayan gona, ya fara da ta Illo. Gyaɗarsa ta ruɓe a ƙasa, babu mai cire masa.