Sa Hannun Juwairiyya

"Ba zan sa hannu ba, ranka ya daɗe."

Juwairiyya ta faɗi haka tana tsaye a kan tsani a gefen jirgin sama, tocila a hannunta, zufa na bin ɗankwalin da ta ɗaura a ƙarƙashin hular aiki. A ƙasa kuwa Alhaji Maikuɗi ne, manajan kamfanin jirgin a Kano, ya ɗaga kai yana kallonta kamar ya ga abin da bai taɓa gani ba.

"Injiniya, maniyyata ɗari huɗu ne a zaune tun safe. Saboda wannan ɗan zanen za ki tsayar da su?"

"Ba zane ba ne. Tsaga ce."

Ta haska masa wurin. Hinjis ne, dogon ƙarfen da ke riƙe da babbar ƙofar ɗakin kaya daga sama. Ɗazu ta ga wani baƙin layi kusa da na uku a cikin kunnuwan da suka maƙala shi da ƙofar, hankalinta bai kwanta ba. Ta fesa jan ruwan gwaji, ta jira, ta goge, ta bi shi da farar hoda. Sai ga jan ya tsattsafo ta cikin farin, siriri kamar silin gashi.

"Dokar masu ƙera jirgin a rubuce take," ta ce. "In an ga tsaga a hinjis ɗin ƙofar kaya, komai ƙanƙantarta, jirgi ba ya tashi sai an canza ƙarfen."

"A canza a Jidda mana. Tafiyar awa nawa ce?"

"In ya lula sama, iskar da ke ciki tura ƙofar nan take yi waje da ƙarfi. In hinjis ya saki, ƙofa ta tafi, kuma kujerun mutane a samanta suke."

Alhaji Maikuɗi ya yi tsaki ya juya yana daddanna waya. Ba a yi minti biyar ba tata wayar ta hau ruri a aljihu. Ta ciro ta duba sunan.

Abdulnasir.

Malamin makaranta ne a Gwarzo, shekararsu biyu suna son juna. Kuma a cikin maniyyatan nan ɗari huɗu akwai mahaifiyarsa, Inna Gwamma, wadda ta shekara goma sha ɗaya tana jiran wannan rana. Shi kuwa yana can waje cikin 'yan rakiya, labari ya riga ya kai musu.

"Juwaira..." ya ce a hankali. "An ce ke ce kika hana."

"Ni ce."

"Sanyin idona, kin san yadda Inna take kallon maganarmu. Da ƙyar na shawo kanta ta ce in ta dawo za ta duba. In ta ji wannan..."

"Na sani."

"Babu wata hanya?"

Ta runtse ido. Son mutumin nan take yi, irin son da ba ta iya ɓoye wa ko ƙawayenta. Biro na nan a aljihun gabanta, takardar sallamar jirgi na kan allo, layi ɗaya kawai ya rage.

"Akwai hanya, Abdulnasir. In sa hannu, in tura Inna sama a kan ƙarfen da na san a tsage yake. Ita kake so in bi?"



"Zan kira ki," ya ce, ya kashe.

Ta sauko daga tsani ta rubuta abin da ta gani a littafin jirgi. Sai da ta shiga banɗakin ma'aikata ta rufe sannan ta yi kukanta.

Aka sanar da maniyyata cewa sabon ƙarfe sai nan da kwana huɗu, kowa ya koma gida.

To, wanda bai san Gwarzo ba ba zai gane nauyin wannan "koma gida" ba. Inna Gwamma ta bi gida gida ta yi sallama, ta nemi gafarar kowa. An yi mata addu'a a ƙofar gida, an yi mata rakiya da motoci uku har Kano. Tun a mota mata suka fara ce mata Hajiya, ita kuma tana amsawa da "Allah ya nufa" tana gyara mayafi. Sai ga ta da la'asar ta dawo da akwatinta a ɗaure yadda ta fita da shi. Kafin magariba wasu marasa kunya har sun raɗa mata suna, Hajiyar Filin Jirgi.

Zinnira ce ta ƙara wa wutar fetur. 'Yar ƙanin Inna Gwamma ce, kuma tun tana makaranta ta gama shirya wa kanta zama a ɗakin Abdulnasir, shi kaɗai ne bai san da shirin ba. Ta samo hoton Juwairiyya a kan tsani cikin kayan aiki, tana nuna wa manaja ƙarfe da yatsa, ta watsa shi a wayoyin dangi.

"Gwaggo, ai ramuwa ce," ta ce tana matsa mata ƙafa. "Ba kin ce ba kya son bakanikiya mai sa wandon maza ba? To ta ji. Jirgi lafiyarsa ƙalau, kowa ya gan shi yana sheƙi."

Inna Gwamma ta kira ɗanta.

"In dai ni na haife ka, kada in ƙara jin sunan yarinyar nan a gidan nan."

A Kabo kuwa Juwairiyya ta kwana biyu a ɗakin mahaifiyarta, don kamfani ya ce ta zauna a gida har sakamakon gwajin ƙarfen ya fito. Mahaifinta, Malam Nata'ala, maƙeri ne, bai iya dogon lallashi ba. Tambaya ɗaya ya yi mata.

"Kin gani da idonki?"

"Na gani, Baba."

"To ci abinci."

Rana ta biyu da hantsi ta ji ƙarar babur a ƙofar gida. Ta leƙa, sai ga Abdulnasir, idanunsa sun faɗa kamar wanda ya tashi daga jinya.

"Na ce zan kira, na kasa," ya ce. "Kunyarki ce ta hana ni. Ni da bakina na tambaye ki ko akwai wata hanya..."

"Uwarka ce. Ban riƙe ka ba."

"Uwata ce, shi ya sa. Duk lokacin da na dube ta tana faɗa a tsakar gida sai in tuna tana da ran yin faɗan." Ya sunkuyar da kai. "Juwaira, ki zo ki gaishe ta. Ko za ta kore mu, ta kore mu tare."

Murmushi ya ƙwace mata, hawaye na zuba.

"Kai fa ba ka da tsoro sai in abu ya wuce."

"Ai malamin makaranta ne ni, sai an gama jarrabawa nake gane amsa."

Da azahar ta shiga mota zuwa Gwarzo, ya bi bayan motar a babur. Ta yi sallama sau biyu kafin a amsa. Inna Gwamma na zaune a kan tabarma a inuwar darbejiya, ta kalle ta sau ɗaya ta kau da kai. Juwairiyya ta durƙusa daga nesa.

"Inna, ina wuni? Mun same ku lafiya? Ya gajiyar hanya?"

"Gajiya ai ke kika san inda ta fito."

A daidai lokacin Zinnira ta shigo rungume da sabon tulu. Na gidan ne ya fashe, aka aike ta kasuwa. Ta dire shi gaban gwaggonta tana harare-harare.

"Ga shi, Gwaggo. Duk kasuwar babu mai kyansa."

Kowa a unguwar ya san Inna Gwamma da tukwane. Shekara talatin tana sayar da su kafin ƙafa ta hana ta, ba a taɓa cusa mata fasasshe ba. Ko fushin da take ciki bai hana hannunta yin abin da ya saba ba. Ta janyo tulun, ta ƙwanƙwasa cikinsa da bayan yatsa, ta kara kunne. Ta juya shi ta sake ƙwanƙwasawa.

"Mayar musu. A tsage yake."

"Haba Gwaggo, ina tsagar? Dubi fa yadda yake sheƙi."

"Ke sheƙi kike saya? Tsagar tulu ba a fuska take ba. Yanzu yana wofi zai yi miki ladabi. Bari ki cika shi da ruwa ki ɗora a ka, a tsakiyar hanya zai nuna miki halinsa."

"To a yi amfani da shi yau kawai, gobe a canza..."

"In ya fashe a kan wa?"

Abdulnasir, da ke tsaye a bakin zaure, ya dubi Juwairiyya. Ita kuwa kanta na ƙasa, muryarta ta fito a sanyaye.

"Abin da manaja ya ce mini ke nan, Inna. A tashi yau, a canza a Jidda. Jirgi a ƙasa tulu ne wofi. Sai ya hau sama yake ɗaukar nauyinsa. Na ƙwanƙwasa na ji, kuma ke ce a ciki."

Ta buɗe wayarta ta miƙa da hannu biyu. Hoton ƙarfen ne, fari fat, da jan layi ɗaya a kwance.

Inna Gwamma ta daɗe tana kallo. Ta kai wayar kusa da ido, ta nisanta ta, ta sake matso da ita.

"Wannan ɗan abin?"

"Shi ne, Inna."

Tsohuwar ta miƙa mata wayar. Ba ta ce ta yafe ba, don Inna Gwamma ba a saukowa da ita daga fushi a rana ɗaya. Amma da Juwairiyya ta tashi tafiya sai ta ji tsohuwar ta ce wa Zinnira, "Ke, baƙuwa ta zo tun ɗazu ko ruwa ba ki ba ta ba."

Washegari sakamako ya fito. Da masu gwaji suka duba ƙarfen da na'ura, sai aka tarar abin da ya fito fili ɗan kaɗan ne. Tsagar ta ci fiye da rabin kaurin ƙarfen ta ciki, kunnen da ke kusa da shi ma ya fara. Kyaftin Tasi'u, matuƙin da zai ja jirgin a ranar, shi da kansa ya nemi lambar Abdulnasir, aka sa wayar a amsa-kuwwa a tsakar gidan.

"Hajiya, shekarata ashirin da shida ina tuƙi," ya ce. "Ba zan ce miki ga abin da zai faru ba, wannan sanin Allah ne. Amma da na ga ƙarfen nan sai da na nemi wuri na zauna. Ni ma ina da 'ya'ya. Ki sa wa yarinyar nan albarka."

Zinnira ta sulale ta shige ɗaki. Hoton da ta watsa kuwa shi ne dai dangi suka ci gaba da turawa juna, sai dai yanzu da addu'a a ƙarƙashinsa.

Rana ta huɗu Juwairiyya ta koma aiki. Alhaji Maikuɗi ya tarye ta da "Sannu da zuwa, Injiniya" har sau uku, yana kallon takalminsa. Ta tsaya a kan aikin tun daga farko har ƙarshe. Ta duba lambar sabon hinjis ta gwada da takardarsa, ta ga an ɗaure kowane noti daidai ƙarfin da littafi ya ce, aka buɗe ƙofar aka rufe a gabanta, wani injiniyan ya sake bin aikin da nasa idon. Sannan ta ciro biro ta sa hannu.

Tana tattara kayan aikinta wata ma'aikaciya ta zo da sauri.

"Injiniya, ki taimaka ki zo. Wata tsohuwa ta tsaya a ƙofar fita ta hana layi tafiya."

Ta bi ta. Ga Inna Gwamma cikin kayan maniyyata, jaka a rataye a wuya, ta kafe sandarta a ƙasa. Ma'aikata uku na lallashinta, maniyyata sun yi cirko-cirko a bayanta.

"Na ce muku ba na hawa," take cewa. "Ku kira mini mai sa hannun."

"Ga ni, Inna."

Tsohuwar ta juyo ta dube ta tun daga hular aiki har takalmi. Ta kamo hannunta na dama, mai baƙin mai a gefen farce, ta riƙe.

"Kin ƙwanƙwasa?"

"Na ƙwanƙwasa, Inna."

"Ya ya ce?"

"Lafiyayye ne."

Inna Gwamma ta gyaɗa kai. Ta ciro wayarta daga jaka ta kira ɗanta, wanda ke can waje wurin 'yan rakiya, ta ɗaga murya yadda tsofaffi ke yi da waya.

"Abdulnasir, ka gaya wa baffanninka su kai goro Kabo ranar Juma'a. Kada su jira ni. In na dawo na tarar ba a sa rana ba, da kai zan yi."

Ihun murnarsa har Juwairiyya ta jiyo ta cikin wayar. Ta rufe fuska da tafin hannunta na hagu, don na daman Inna ba ta saki ba.

Sai tsohuwar ta juya ga layin da ta tsare, ta ɗaga hannun nan mai baƙin mai sama kowa ya gani.

"Ku taho mu tafi, bayin Allah. Surukata ce ta sa hannu."